Zuwa bakin teku a Legas: tambayoyin da 'yan uwa daga Arewa ba sa gajiya da yi min

Duk wanda ya daɗe a Ikko ya san wannan aikin, baƙo na sauka daga Kano ko Maraɗi ko Gusau, kafin ma ya gama cin abincin sauka zai ce "to yaushe za ka kai ni in ga teku?" Na gaji da maimaita amsa ɗaya a waya shi ya sa na tattara su wuri guda, wanda ya ga tasa a ciki shikenan.

Wai ruwan nan da ake gani daga kan doguwar gada shi ne tekun?

A'a malam, wancan tafki ne, lagun suke ce masa. Ruwa biyu ne a garin nan kuma Yarabawa sun raba musu suna, teku shi ne okun, tafkin kuma osa, shi ya sa ƙaramar hukumar da ta kwashe Victoria Island da Ikoyi da wani ɓangare na Lekki ake kiranta Eti-Osa, wato bakin tafki. Shi kansa sunan Legas Turawan Fotugal ne suka raɗa, a harshensu tafkuna yake nufi, masu garin kuwa Eko suke cewa, daga nan muka samo Ikko.

Gadar da kake magana ita ce Third Mainland, kilomita 11.8 ce, Babangida ya buɗe ta a 1990. Ruwan da ke ƙarƙashinta kwance yake, kogin Ogun na zuba a ciki, teku kuma na turo nasa ta mashigar da manyan jirage ke bi zuwa Apapa, don haka da damina gishirinsa ya ragu da rani ya ƙaru. Tekun gaske, Atilantika, sai ka ƙetare tsibirin ka yi kudu, kuma ba sai an ce maka ga shi ba, tun kafin ka gan shi za ka ji rugugi kamar ana sauke tifar dutse.

Ina Bar Beach ɗin da iyayenmu ke ba mu labari?

Babu ita. Duk wanda ya yi aikin soja ko ɗan sanda ko aikin gwamnati a Legas lokacin tana babban birnin ƙasa yana da hoto a Bar Beach, a gefen titin Ahmadu Bello Way take, kyauta ake shiga, kuma a nan gwamnatin soja ta riƙa ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna tana harbewa a gaban jama'a, Ishola Oyenusi da aka harbe a watan Satumba na 1971 shi ne wanda aka fi tunawa.

Abin da ya cinye ta tsohon ciwo ne. Tun wajen 1908 Turawa suka fara jera dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar jirage don kada yashi ya toshe ta, to shi kuma yashin gaɓar nan daga yamma yake tafiya zuwa gabas, katangar ta tare shi, ɓangaren yamma ya yi ta tara yashi, Bar Beach da ke gabas ta yi ta zaizayewa har ruwa ya riƙa hawowa kan kwalta. Daga baya aka yi ta yaso yashi daga cikin teku ana cike wurin, aka yi masa katangar dutse, shi ne Eko Atlantic da kake ganin dogayen benaye yanzu. Inda baba ya tsaya aka ɗauke shi hoto da wando fantalo yau filin masu kuɗi ne da get da masu gadi.

To yanzu wane bakin ruwan ake zuwa?

Yawancinsu suna kan layin Lekki zuwa Epe: Oniru, Elegushi, Alpha, Atican, can gaba Eleko, in ka ƙara nisa akwai wuraren shaƙatawa masu ɗakunan kwana. Ta yamma akwai Ilashe da Ibeshe da sai da jirgi, sai na Badagry. Kusan duka yanzu biya ake yi, kuɗin get daban, na fakin daban, rumfa ko kujera daban, wasu ma in ka shigo da kular abincinka sai sun caje ka, don haka ka tambayi komai tun a bakin ƙofa kafin ka sauke iyali daga mota, farashin ranar Talata ba shi ne na Lahadi ba ballantana Disamba.

Kuma ka bincika wurin yana nan kafin ka kama hanya, gaɓar nan canzawa take yi. A watan Afrilu na 2024 aka rushe wani ɓangare na Landmark Beach saboda titin bakin teku da za a ja daga Legas zuwa Kalaba. Ni in baƙo mai iyali ne na fi kai shi can nesa inda kiɗa bai cika yawa ba, ko Tarkwa Bay, ga bayaninta a ƙasa.

Me ya sa kowa ke cewa Tarkwa Bay?

Saboda nan ne kusan kaɗai ruwan ke da ladabi. Waɗancan katangun duwatsun da na faɗa a maganar Bar Beach su suka kare wurin, igiyar ruwa kafin ta iso ta rage ƙarfi, yaro zai iya tsoma ƙafa babba na riƙe da shi. Babu hanyar mota, jirgi ake hawa daga wajajen Marina ko Victoria Island, tafiyar ba ta da nisa, kuma kana zaune kan yashi manyan jiragen kwantena za su riƙa wucewa ta gabanka kamar unguwa guda ce ke tafiya, wannan kaɗai ya isa kallo ga wanda bai taɓa gani ba. Akwai samarin wurin da suka ƙware wajen hawa igiyar ruwa a kan allo, suna koyarwa in ka biya.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani, wurin gari ne da mutanensa, kuma a watan Janairu na 2020 sojojin ruwa suka kori mazauna wurin bisa zargin fasa bututun mai. In mai rumfa ya fara ba ka labarin wannan ranar ka saurare shi kawai. Sannan in ka zagaya bayan katangar zuwa Lighthouse Beach ka fita daga kariya, can teku ne tsagwaronsa.

Na iya iyo sosai, a dam ɗin Tiga na koya. Zan iya shiga?

Ɗan uwa gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Kogi gefe ɗaya yake tafiya, dam a tsaye yake, teku kuwa turo ka yake yi ya kuma janye ka, kuma gaɓar Legas gangare gare ta, taku uku huɗu ka ji ƙasa ta ɓace. Ni na farko da na je ko shiga ban yi niyya ba, na naɗe wando zuwa gwiwa na tsaya inda kumfa ke ƙarewa ina waya, ruwa ya zo ya wuce idon sawu, da zai koma sai na ji yashin da ke ƙarƙashin dugadugaina yana zarewa kamar ana jan tabarma, kafin in gyara tsayuwa ta biyu ta zo ta doke ni a ƙirji, na tashi da yashi har cikin kunne, hula ta tafi, takalmi ƙafa ɗaya ya tafi, wayar kuwa shinkafa ma ba ta cece ta ba.

Mugun wurin shi ne inda ya fi kama da lafiya. In ka ga igiya na fashewa dama da hagu amma a tsakiya akwai wani layi da ya yi lumui, ruwansa ya ɗan yi duhu ko ya yi ƙasa-ƙasa, to ta nan ruwan da ya taru a gaɓa yake komawa ciki da gudu. Wanda ya faɗa ciki kada ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo kai tsaye, gajiya zai yi, ya yi iyo a gicciye, gefe, har ya fita daga layin, ya ɗaga hannu a gan shi. In wani ne ya faɗa kai kuma kana waje, ka ƙwala ihu ka jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, jarka ko kula, kada ka bi shi. Jan tuta in an kafa ba ado ba ne. Ba kowane wuri ke da masu ceto ba.

Ina tsoron jirgin ruwa, dole ne sai na hau?

Ba dole ba ne amma za ka yi asarar rabin garin. Mutanen Ikorodu da yawa da jirgi suke zuwa aiki tsibiri kullum don gudun gosulo. Akwai manyan jirage na gwamnatin jiha, LAGFERRY, akwai ƙanana masu gudu na 'yan kasuwa, hukumar LASWA da aka kafa a 2008 ke sa ido, kuma tashar Five Cowries da ke Falomo a Ikoyi tsaf take, mai tsoro ya fara daga nan da babban jirgi.

Rigar kariya, wato laif jaket, doka ce, ka ɗaure ta da gaske ba ka rataya a wuya kamar gyale ba, in wadda aka miƙo maka igiyarta ta tsinke ka ce a canza. In ka ga an cika jirgi ana ta ƙara mutum ka sauka, kuɗinka ba su kai ranka ba. Kada ka yarda da tafiyar dare, an ma hana. Babbar riga a ninke ta a jaka. Akwai lokacin da wata ciyawa mai kama da kainuwa ke rufe ruwan wajen Ikorodu ta naɗe farfelar inji, in direba ya tsaya yana cire ta ba lalacewa jirgin ya yi ba.

Sallah fa? Ruwan gishiri yana alwala?

Yana yi. Hadisin sananne ne, yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa kuma halal ne. Sai dai ka ɗebo a buta ko gora ka koma sama, kada ka tsuguna a bakin kumfa ka ba teku baya ko gaba, duba abin da ya same ni a amsar iyo. Kurkurar baki kuwa sai ka daure.

Alƙibla ba wuya tunda teku na kudu: in ka fuskanci ruwa gabas na hagunka, sai ka juya hagun ka ɗan ƙara karkata zuwa arewa, wato ka ɗan ba ruwan baya. Mafi sauƙi ka nemi mai suya ko mai doki ka yi masa sallama, zai nuna maka inda suke shimfiɗa kwali su yi jam'i.

Zan iya zuwa da matata da yara? Ance wurin ba tarbiyya.

Ya danganta da rana da lokaci. Yammacin Asabar da Lahadi a wuraren da suka yi suna akwai kiɗa mai fasa kunne, giya, shisha, da shigar da za ta sa ka yi ta istigfari, Disamba kuwa da 'yan ƙasar waje ke dawowa hutu abin ya wuce misali. Amma ka je da safe a ranar aiki ka ga wurin wayam, sai masunta da masu share shara. Kuma ba wanda zai kalli hajiya don ta sa hijabi, Legas cike take da Musulmi, ranar yawon sallah za ka ga iyalan Yarabawa da ankonsu sun cika bakin ruwa.

'Yar uwa shawara ɗaya, dogon hijabi in ya jiƙe nauyi yake yi ya naɗe ƙafa, ki tsaya daga sama ko ki sa wanda bai kai ƙasa ba. Yara kuma a ƙirga su, a sake ƙirgawa, kowane yaro da babban da ke riƙe da shi.

Me ake ci a wurin?

Suya dai tamu ce, duk inda ka ga hayaƙi da tire da albasa to ɗan gida ne. Nasu kuma akwai asun, gasasshen naman akuya da attaruhu mai sa hawaye, akwai boli, gasasshiyar agada da ake ci da gyaɗa, akwai farfesun tarwaɗa da za ka nuna wadda kake so tana raye a baho a yanka maka, ga ɗanyar kwakwa a sare maka kai ka sha ruwan sannan a fasa ka kankare na cikin. Kaguwa da jatan lande a mazhabarmu ta Malikiyya ba matsala, sai dai in cikinka bai saba ba ka fara da kaɗan. Nama in ba ka natsu da yankan ba ka tsaya a kifi. Kuma ka tambayi kuɗin kifi kafin a ɗora shi a wuta, in ya gasu ciniki ya ƙare.

Dawakan nan da raƙuman hoto na su waye?

Raƙumi ba kullum ba, doki kuwa ko'ina, kuma da yawa daga yaran da ke jan su da Hausa za su amsa maka. Wannan ba ya nufin kyauta ne. Ku yi magana a fili, zuwa ina, da dawowa ko babu, hoto a ciki yake ko daban, don rigimar da na fi gani a bakin ruwa ita ce an hau an sauko sannan a ce ai kuɗin zuwa ne kawai aka faɗa. In dokin ya rame ko bayansa da ciwo ka haƙura da hawan.

Na ga masu fararen riguna ba takalmi suna addu'a, wasu kuma na zuba kaya a ruwa. Mene ne?

Masu fararen rigunan Kiristoci ne na cocin Celestial ko Kerubu da Serafu, sun daɗe suna zuwa bakin teku da kyandir da ƙararrawa suna ibada, tun zamanin Bar Beach. Masu kai ƙwarya da farin ƙyalle ko tsuntsu kuma 'yan gargajiya ne, Olokun suke kai wa, abin bautarsu na teku. Ka wuce abinka, ba dariya, ba ɗaukar bidiyo a sa a TikTok, in ka ga ƙwarya a kan yashi ka hana yara taɓawa.

Mece ce Eyo, kuma gaskiya ne sai an cire hula?

Gaskiya ne. Eyo dodannin tsibirin Legas ne, fararen kaya tun daga kai har ƙafa, fuska a rufe, malafa mai launi, da doguwar sanda da suke kira opambata. Asalin sunan bikin Adamu Orisha, kada ka ji Adamu ka ɗauka namu ne. Ba shekara-shekara ake yi ba, sai in za a karrama wani babba da ya rasu ko wani gagarumin abu, na farko a 1854 aka yi shi don sarkin Legas Oba Akitoye, an kuma yi a 2017 da jihar ta cika shekara 50. Ƙungiya-ƙungiya ne, launin malafa ke bambanta su, Adimu masu baƙa su ne manya.

Ranar ana rufe titunan tsibirin, taron ya ƙare a dandalin Tafawa Balewa. Ba takalmi, ba hula, ba ɗankwali, ba shan taba, ba hawa babur ko keke, wanda ya karya kuwa sandar nan za ta sauka a bayansa. In ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka, in kuma ba za ka iya ba, musamman mata masu lulluɓi, a yi zamanku a gida ranar, talabijin na nunawa.

Gidajen nan na katako a kan ruwa da ake hangowa daga gada, ana zuwa?

Makoko kenan. Masunta ne, yawancinsu Egun masu dangi a Badagry da Jamhuriyar Benin, gidajen a kan turaku suke, kwalekwale shi ne motarsu shi ne shagonsu, yaro ɗan shekara shida zai tuƙa ka. Hayaƙin da kake gani na bandar kifi ne. A nan aka yi makarantar nan mai yawo a kan ruwa da Kunle Adeyemi ya zana, aka kammala a 2013, ta rushe a 2016 bayan ruwan sama mai ƙarfi. Ana zuwa, amma da ɗan unguwa da izinin baale, mai unguwarsu kenan. Mutanen sun sha rusau, an yi musu a 2012, kuma sun gaji da masu zuwa ɗaukar hoton talaucinsu, don haka kyamara a aljihu sai an ce maka bismilla.

Badagry ta cancanci wahalar hanyar?

Ta cancanta, ka dai fita da asuba. Tana kusa da iyakar Seme. Akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845 da ake kira bene na farko a Najeriya, akwai kurkukun bayi na Seriki Williams Abass mai ƙananan ɗakuna, da sarƙoƙin da ake ɗaure mutane da su, za a ba ka ka ɗaga ka ji nauyi. Daga nan a tsallaka da kai tsibirin Gberefu a kwalekwale, ka taka cikin yashi da rana har bakin teku inda ake loda mutane a jirgi, wurin da ba a dawowa.

Kada ka tsaya kana kallon abin kamar tarihin wasu. Bayan jihadin 1804 yaƙe-yaƙe sun jefa Hausawa da yawa hannun masu fataucin bayi, ta gaɓar nan aka fitar da su zuwa Bahia a Brazil, har suka shirya tawaye a can a 1807, kuma da su a cikin tawayen Musulmi na 1835 da aka yi cikin watan azumi. Waɗanda suka gudu daga bauta a nan Legas kuma su Baturen mulkin mallaka John Glover ya ɗiba a 1863 ya kafa rundunar da ake kira Hausawan Glover, wadda sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta, kuma zaman sojojin Hausawa ne ya raya Obalende. Shi kansa Seriki ɗin ai sarki ne aka lanƙwasa.

Wane lokaci ne ya fi kyau a shekara?

Daga Nuwamba zuwa Maris, sama a buɗe, teku ya ɗan sassauta, hunturun nan kuwa wasa ne ga wanda ya san na Kano. Yuni da Yuli ruwan sama ne ba ƙaƙƙautawa, Lekki ta cika da ambaliya, teku ya yi fushi har zuwa wajen Satumba, lokacin ko Tarkwa Bay sai a yi hattara da jirgin zuwa. A kowace rana ma ruwan na hawa ya sauka sau biyu, ya fi cika a tsayuwar wata da tsakiyarsa, shi ya sa inda ka shimfiɗa darduma da hantsi zai iya zama cikin ruwa da la'asar, ka duba layin da yashi ya jiƙe da inda shara ta taru ka zauna sama da nan.

In zuwanka ya dace da Muharram ka wuce Epe, ana bikin Kayo-Kayo, na shigowar sabuwar shekarar Musulunci ne haɗe da tunawa da saukar Oba Kosoko garin a 1851 bayan Turawan Ingila sun yi wa Legas ruwan wuta, ma'anar sunan a ci a ƙoshi. Ka biya kasuwar kifi ta Oluwo a bakin ruwa, mata ne ke riƙe da ita, ka sayi busasshe na tsaraba, ka ce a naɗe maka da jarida a saka a kwali ba leda ba, in ba haka ba kafin ku kai Jebba duk motar ta san abin da ka ɗauko.